Yadda Haddar Kalmomin Turanci ta Samo Asali a Sin

Ɗalibin sakandare a Sin da ke tashi da asuba yana bitar ƙaramin littafin kalmomin Turanci kusan 3,500 yana bin hanyar da tsarin jarrabawa ya shata masa ne. A shekarun 1950 harshen Rasha ne ke kan gaba a makarantun ƙasar. An dakatar da jarrabawar shiga jami'a, wato Gaokao, a 1966, sai a 1977 mataimakin firaminista na lokacin, Deng Xiaoping, ya dawo da ita. A 1979 kashi 10 cikin 100 na makin harshen waje kawai ake lissafawa; daga 1983 aka fara ƙirga shi gaba ɗaya. Yau harshen waje, wanda galibi Turanci ne, yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna.

Wasu za su ce hadda gadon jarrabawar ma'aikatan sarki ce, wadda aka soke a 1905. Gaskiya ne ta bar al'adar bita, amma ba ita ta zaɓi Turanci ba. Maki ne suka zaɓe shi. Duk mai son ɗalibai su iya magana da harshen, to ya fara gyara jarrabawar.