Yadda Fatake Suka Zaɓa Tsakanin Katsina da Kano

Tsakanin birnin Katsina da birnin Kano tafiyar mil ɗari ce da 'yan kai. Ayari mai jakuna yakan yi ta cikin mako guda ko ƙasa da haka. Saboda wannan kusanci, tun zamanin da baƙon da ya ƙetaro hamada, ko malami ne ko falke, sai ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa: a wanne daga cikinsu zai sauke kaya, ya gina gida, ya yi aure? Sarakunan garuruwan nan biyu kuwa sun san amfanin baƙo, gama inda fatake suka zauna nan kuɗin fito yake taruwa. Wannan yana cikin abin da ya sa suka daɗe suna yaƙi da juna. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, an yi shekara goma sha ɗaya ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Ba a sami sulhu mai ɗorewa ba sai wajen 1650.

Daga lokacin sulhun nan har zuwa jihadi, Katsina ce ta fi jan baƙi. Ita ce ta fi kusa da bakin hamada, saboda haka ayarin da ya taso daga Agadas ita yake fara tararwa. Larabawan Gadamus da na Tuwat suka yi unguwa a cikinta. Ga kuma ilmi. A nan Wali Ɗan Marina ya zauna, da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, almajirai suna zuwa daga nesa don su yi karatu a zaurukan birnin. Wani malaminta, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya kai har Alƙahira yana koyarwa, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin hisabi, can ya rasu a 1741. Mutumin da yake son 'ya'yansa su tashi da karatu da ladabi da Hausa mai daɗi, a wancan zamani ba ya wuce Katsina. Ba banza ake ce mata ɗakin kara ba.

Sa'an nan jihadi ya zo. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina, a shekarar nan kuma aka kori Sarkin Kano Alwali. Watau masifar yaƙi ta sami garuruwan biyu tare, amma abin da ya biyo baya ya bambanta ƙwarai. Sarakunan Haɓe na Katsina ba su sallama ba. Suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi, suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri, suka yi ta kawo hari shekara da shekaru. Hanyar arewa, wadda a da ita ce arzikin Katsina, ta zama hanyar mahara. Manomi ba ya noma nesa da ganuwa da kwanciyar rai, madugu kuma ba ya so ya ratsa daji da dukiyar mutane alhali bai san wanda zai tare shi ba. A Kano kuwa, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819 ya rasu a 1846, ya kwantar da tawayen da ya tarar, ya kafa ribaɗi a kan iyakoki. Ƙauyuka suka cika da masaƙa da marina da majema.

To, a nan ne shawara ta yi wuya. Falken da ya gaji gida a Katsina yana da kushewar iyayensa a can, da malaminsa, da surukansa. Kano kuma ba ta rasa aibu ba. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini da fadamar Jakara sun cika tsakiyar birni, zazzaɓi yana kama baƙo da damina, har Turawan da suka fara zuwa sun yi kuka da wannan, suka ce Katsina ta fi lafiyar zama. Duk da haka Larabawa suka kwashe suka koma Kano kusa da kasuwar Kurmi. Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja su ma da yawa suka gangaro ƙasar Kano, suka zauna a garuruwa irin su Madobi da Bebeji. Cikin zuriyarsu aka haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ba wanda ya tilasta musu. Kowane gida ya auna, ya ga zazzaɓi ya fi sauƙi bisa ga asarar ayari.

Wani Bajamushe matafiyi, Dakta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya ga garuruwan biyu a farkon 1851, kwanaki kaɗan tsakani. Ya tarar ganuwar Katsina tana nan da girmanta, kewayenta ya fi mil goma sha uku, amma yawancin cikinta gonaki ne da kufai. Ya ƙiyasta mazaunanta ba su wuce 8,000 ba. Na Kano ya ce sun kai 30,000, da rani kuma idan ayarori suka sauka sai su ninka. Ya lissafa tufafin da Kano take saƙawa ta rina ta sayar a shekara, ya ce kuɗinsu ya kai wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbuktu da Murzuk. Amma shi ma ya yaba wa Katsinawa a kan kyawun Hausarsu da iya zama da mutane.

Zuwan Turawa ya kashe hare-haren Maraɗi, sai dai bai mayar wa Katsina fatakenta ba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, reshen da aka ja daga Zariya kuma ya bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, ya bar birnin Katsina a gefe. Abin da ya faɗo mata shi ne makaranta. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, sarakuna suna aiko da yara daga kowane lardi, har da Kano. A 1938 aka ɗauke ta aka kai Kaduna.