Wayar da Grace Hopper Ke Rabawa

'Yan'uwa, mu da kullum muke kukan wai Hausa ba ta da kalmomin kwamfuta, bari mu waiwayi Grace Hopper, jami'ar sojan ruwan Amurka da ta fara aiki da kwamfutar Mark I ta Jami'ar Harvard a 1944.

Injiniyoyi sun yi ta ambaton nanosakan, wato daƙiƙa ɗaya a raba ta gida biliyan. Sunan yana nan, amma ita kanta ta kasa hango abin. Sai ta sa aka yanko mata waya mai santimita 30, kamar rular da muka riƙe a firamare. Iyakar nisan da lantarki zai iya ci ke nan a nanosakan guda.

In wani janar ya tambaye ta me ya sa saƙon tauraron ɗan'adam ke jinkiri, sai ta miƙa masa wayar, ya lissafa nawa za a jera daga ƙasa zuwa can. Masu rubuta manhaja kuwa, naɗin waya mai kusan mita 300 take nuna musu, mikrosakan ɗaya, su ga abin da suke ɓarnatarwa.

A 1986, shekarar da ta yi ritaya, ta miƙa wa David Letterman guda a shirinsa na talabijin.