Jami'ar Dattawa: Yadda Aka Kafa Ta da Yadda Ta Bunƙasa

A shekarar 1973 ne wani farfesan dokokin ƙasa da ƙasa a birnin Toulouse da ke kudancin Faransa, mai suna Pierre Vellas, ya kai wa hukumar tsangayarsa shawarar a buɗe ƙofar jami'a ga mutanen da suka yi ritaya. Ba za a nemi takardar shaida a hannunsu ba, ba su da jarrabawar shiga, kuɗin da za su biya kuma bai taka kara ya karya ba. Aka amince, aka raɗa wa shirin suna Jami'ar Zangon Rayuwa na Uku, wadda yau aka fi sani da U3A.

Shawarar ta zo a kan gaɓa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsawon rai ya ƙaru a Turai, fansho ya zama haƙƙin ma'aikaci, sai ga ɗimbin mutane sun bar aiki da sauran ƙarfinsu, amma ba abin yi sai zaman gida da kaɗaici. Ga kuma dokar da Faransa ta yi a 1968, bayan boren ɗalibai, wadda ta ɗora wa jami'o'i nauyin ilmantar da manya baya ga matasa. Vellas ya lura azuzuwa na zaman banza idan ɗalibai sun tafi hutu, alhali ga dattawa a gari suna neman inda za su sa kansu. Sai ya haɗa biyun. Aka fara da laccoci kan lafiya da tarihi da al'amuran yau da kullum, da motsa jiki daidai ƙarfin tsoho, da ziyarar wuraren tarihi. Malaman jami'a kuma suka sami damar nazarin tsufa tare da masu shi.

Kafin a ce kwabo wasu biranen Faransa sun kwaikwaya. A 1975 aka kafa ƙungiyar irin waɗannan jami'o'i ta duniya, kuma a shekarar ce likita Halina Szwarc ta buɗe ta farko a Poland, a birnin Warsaw. Beljiyam da Suwizalan da Italiya da Sifaniya da lardin Quebec na Kanada duk suka bi sahu. Sai dai tsarin na Faransa jingine yake da jami'a: ita ke ba da ɗaki, ita ke ba da malami, dattawa kuwa nasu sauraro ne. Garin da ba jami'a sai dai ya yi haƙuri.

A Ingila ne al'amarin ya sauya salo. Mutum uku suka ja ragama: Peter Laslett, masanin tarihi a Jami'ar Cambridge, Michael Young, wanda yana cikin waɗanda suka assasa tunanin jami'ar karatu daga gida a ƙasar, da Eric Midwinter, masanin ilimi da walwalar tsofaffi. A lokacin gwamnati na zaftare kuɗin jami'o'i, don haka jiran tallafi ɓata lokaci ne. Amma dalilinsu ya wuce batun kuɗi. A ganinsu wanda ya yi shekara arba'in yana aikin injiniya, ko jinya, ko koyarwa, ba ilimi ya rasa ba, wurin zuba shi ya rasa. A 1981 Laslett ya rubuta manufofin tafiyar, kuma ginshiƙinsu shi ne a rushe katangar da ke tsakanin malami da ɗalibi, kowa ya koyar kuma kowa ya koya. Aka yi taron gwaji a Cambridge a 1982, sannan a 1983 aka kafa gidauniyar da ke haɗa rassan ƙasar.

Wanda ya leƙa irin wannan aji zai iya samun mutum goma ko goma sha biyu a falon ɗayansu, ko a ɗakin taron unguwa, kowa da littafinsa da tabaransa. Tsohuwar malamar Faransanci na jagorantar hira da harshen, tana gyara wa wani tsohon ma'aikacin banki lafazi. Jibi kuma shi ne zai jagoranci darasin tarihin garinsu, ita tana cikin masu ɗaukar bayani. Akwai rukunin masu tattaki, da masu zane, da masu nazarin tsuntsaye, da masu binciken asalin danginsu, da masu koyon kwamfuta. Ba albashi, ba sakamakon jarrabawa, ba digiri. Ana karo-karon kuɗin ɗaki da na shayi, a zaɓi shugabanni daga cikin membobi. Mai karatu Bahaushe zai ga kamanninsa da makarantar zaure, inda mai furfura ke zuwa da littafinsa bayan asuba ba don neman aiki ba, sai don ilimin kansa.

Da yake tsarin ba ya bukatar gini ko kasafin gwamnati, sai ya yaɗu. Ya isa Melbourne a Ostireliya a 1984, ya shiga New Zealand a 1989, ya kai Cape Town a Afirka ta Kudu a 2000. A 1998 aka buɗe reshe na intanet a Ostireliya domin waɗanda nisa ko rashin lafiya ya tsare a gida. A Birtaniya rassan sun haura 1,000, membobi kuwa sun kai wajen 400,000. Ƙasar Sin ta bi nata tafarkin, inda hukuma ke ɗaukar nauyi: an buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a lardin Shandong a 1983, yau kuma irinta sun kai dubbai, da ɗalibai miliyoyi. Da annobar korona ta rufe ɗakunan taro a 2020, rassa da yawa sun koma haɗuwa ta bidiyo, kuma dattawan da suka iya ne suka koya wa waɗanda ba su iya ba.

Duk da wannan nasara, da sauran rina a kaba. Masu nazarin tafiyar sun daɗe suna nuna cewa akasarin membobi mata ne, kuma mutanen da dama can sun yi karatu, suna da rufin asiri. Leburan da ya bar makaranta tun yana yaro, da tsohuwar da ba ta iya fita, da baƙin haure, ba su cika zuwa ba, alhali su ne kaɗaici ya fi ci. Wannan giɓi ya kamata ya dami duk mai ƙaunar tafiyar, domin manufar da aka gina ta a kai ba ta ware kowa ba. Makanike da ungozoma da manomi su ma suna da abin koyarwa, kuma reshen da ya je ya nemo su, ya ba su kujerar jagorancin aji, shi ne ya riƙe amanar waɗanda suka kafa ta.