MALAMIN FADAMA DA KALANDAR RUWA: DAGA TSANGAYA ZUWA FIRAMARE A ƘASAR HAƊEJIYA



A wasu ƙasashen Turai ƙanƙara ce ke rufe wa malamin ƙauye hanya, sai ta narke ya samu fita. A fadamar Haɗejiya ruwa ne. Daga Agusta zuwa Satumba kogi yakan cika ya malala, garuruwa da dama a Auyo, Guri da Kirikasamma su koma tamkar tsibirai, ba shiga ba fita sai da kwale-kwale. Sai wajen Nuwamba ƙasa ke bayyana, hanya ta buɗe. Tarihin koyarwa a yankin nan yana ɗaure da wannan zuwa da komawa na ruwa.

Malamin farko da fadama ta sani shi ne na tsangaya, kuma bai taɓa jayayya da ruwa ba. Da damina shi da almajiransa suna gona, karatu sai da asuba da dare. Idan an yi girbi, ruwa ya janye, sai a ɗaure alluna a tafi ci-rani, galibi gabas, wajen Nguru, Gashuwa har Borno. Da hunturu a zagaye wutar kara a yi tilawa, bazara na ƙaratowa a juyo gida sharar gona. Wato shekarar karatunsa tana farawa ne lokacin da ruwa ya ba da hanya.

Boko ya zo da nasa lissafin. A 1906 Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. A 1909 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, daga baya elementare ta bazu zuwa masarautu ƙarƙashin En'e. Sai dai makarantun ba su wuce birni da manyan garuruwan hakimai ba. Ko da layin dogo ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930, gyaɗa ya zo ɗauka, ƙauyen masunta bai san an yi ba.

Shekarar da ta kai malamin boko cikin fadama sosai ita ce 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a watan Satumba. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin Najeriya, sai kusan miliyan 3 suka fito. Malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa tura matasan da aka yi wa horon gaggawa zuwa ƙauyukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Irin wannan malami a zauren mai gari yake sauka. Shi ne hedimasta, shi ne malamin lissafi, shi ke karanta wa mutane wasiƙa da takardar asibiti. Idan wata ya yi, ya biya kuɗin fito ya je hedikwata karɓar albashi.

Ku lura da watan: Satumba. Har yau a watan ne ake buɗe sabuwar shekarar karatu, daidai lokacin da ruwa ya kai maƙura. Ruwa na janyewa kuma aiki ya kama: shinkafa ta nuna, ana bukatar yara su kori jan-baki, kifi ya taru a tafkuna, ana shuka wake da kankana a danshin da ruwa ya bari. Malam ya samu hanyar zuwa makaranta, amma aji rabinsa wayam. Sai hunturu ya kankama yake ganin cikakkiyar rajista, daga nan zuwa Maris, lokacin da tsuntsayen da ke zuwa Baturiya daga Turai suke haramar komawa. Waɗannan 'yan watanni su ne ainihin shekararsa, a cikinsu yake cusa aikin zango uku.

Ruwan ma bai tsaya yadda kakanni suka san shi ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da aka saba da lokacinta ta ragu, ruwa ya koma gudana rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Sakamakon haka wani gari ya bushe, wani ruwa ya kwanta masa a gona. A shekarun babbar ambaliya kamar 2010 da 2022, azuzuwa ne suka zama mafakar waɗanda gidajensu suka rushe, malam ya ajiye alli ya koma taya jera buhunan yashi.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, an ɗora wa malamin fadama kalandar da aka tsara don tudu, sannan aka auna shi da ma'auni ɗaya da malamin Dutse ko Kano. Alhali mafita ba baƙuwa ba ce. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aikinta ya haɗa har da 'ya'yan masunta masu ƙaura, kuma tsarinta ya yarda a daidaita lokacin karatu da sana'ar iyaye. Me zai hana Jigawa ta ba makarantun bakin kogi dogon hutu a watannin ruwa, a cike giɓin da rani, tare da alawus na musamman da gidan malami a kan tudu? Malamin tsangaya ya gane wannan tun kafin a zo da allon bango.

Duk wanda ya koyi baƙi da wasali a ƙauyen fadama, akwai wani bawan Allah da ya taɓa naɗe wando ya ɗora littattafai a ka ya ratsa ruwa dominsa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.