Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani da Lafiyar Fata

Ba kowace ƙwayar halitta ce ke haddasa cuta ba. A cikin hanjin ɗan Adam da kuma a saman fatarsa akwai ɗimbin ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke taimaka wa narkewar abinci, su kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Irin waɗanda ake ci ko a sha da ransu domin ƙarin lafiya su ne masana ke kira furobayotik.

Asalin Binciken

A shekarar 1907 wani masani ɗan ƙasar Rasha, Élie Metchnikoff, da ke aiki a birnin Paris, ya danganta tsawon ran manoman Bulgariya da yawan shan nono mai tsami. A 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka bayyana furobayotik da cewa rayayyun ƙwayoyi ne da ke amfanar jiki idan an sha isasshen adadi.

A nan gida, ƙwayoyi masu sa tsami ne ke mayar da madara kindirmo ko nono. Daddawa da koko su ma ta hanyar tsimuwa ake yin su, sai dai zafin wuta yana kashe yawancin ƙwayoyin kafin a ci.

Abin da Bincike Ya Nuna

A wani bincike da aka wallafa a 2001, likitoci a ƙasar Finlan sun ba mata masu juna biyu da jariransu wani nau'i na waɗannan ƙwayoyi. Da yaran suka kai shekara 2, waɗanda suka kamu da cutar ƙaiƙayi da bushewar fata, wato ekzima, sun ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Amma da cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 39 a 2018, ta gano cewa ga wanda cutar ta riga ta kama, amfaninsu kaɗan ne ko ma babu. Ke nan suna iya taimakawa wajen rigakafi, amma ba magani ba ne.

Shawararmu ga Jama'a

Ƙazuwa, makero da ƙyasbi kowannensu yana da maganinsa a asibiti. Kindirmo ba ya warkar da su. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa wanda ba ya jin taɓi a wurin, ya hanzarta zuwa asibiti, domin yana iya zama farkon kuturta, kuma maganinta kyauta ne.

A tafasa madara kafin a yi kindirmo, saboda ɗanyar madara tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu. Jariri kuwa nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6. Kada a ba bakwaini ko mai raunin garkuwar jiki irin wannan magani sai da izinin likita. A guji shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, domin yana kashe har da masu amfanin.

Muna kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su faɗakar da jama'a game da masu tallar magani a kasuwanni da sunan gyaran fata. A duba lambar rajistar NAFDAC kafin a saya. Rigakafi ya fi magani.