Yawon Birnin Kano da Abin Ɗaukar Hoto

Akwai mutane da yawa waɗanda aka haifa cikin birnin Kano, suka girma, har suka yi furfura, amma ba su san garinsu ba sai hanya uku, watau ta kasuwa, da ta masallaci, da ta gidan surukai. In baƙo ya tambaye su wanda ya fara gina ganuwa, ko sunayen ƙofofinta, sai ka ga suna sosa ƙeya. To, ku 'yan'uwa da Allah ya buɗe wa ido kuka iya karatu da rubutu, ga wata sha'awa mai amfani da na ke so in kwaɗaita muku. Ita ce mutum ya riƙa zaga garinsu da ƙafa ran da ba shi da aiki, yana duban abin da magabata suka bari, yana ɗaukar hotonsa, yana kuma rubuta labarinsa. Zan yi misali da Kano, amma mutumin Katsina ko Zariya ko Damagaram yana iya yin haka nan a nasu garin.

Kafin a san hoto, alƙalami ne kaɗai ke riƙe labarin gari. Malamanmu sun rubuta Tarihin Kano da Larabci, suka jera sarakuna tun daga Bagauda, wanda a ke lissafa farkon sarautarsa a shekarar 999. Sun faɗi wanda ya yi yaƙi da wanda ya yi gini, amma siffar ginin ba su zana mana ita ba. A watan Janairu na 1824 wani Bature mutumin Birtaniya, Kyaftin Clapperton, ya iso Kano. Shi ya rubuta cewa ganuwar ta yi kamar ƙafa 30 a tsawo, ƙofofinta kuma 15. A Fabrairun 1851 sai ga Dokta Barth, Bajamushe, wanda mutane suka sani da suna Abdulkarim. Ya hau Dutsen Dala da takarda da fensir, ya zana garin yadda ya hango shi, da soraye da bukkoki da itatuwan dabino. Ya ƙiyasta mazauna birnin a kan mutum 30,000, ya kuma ce tufafin da Kanawa ke saƙawa suna rinawa suna kai wa har Tambutu da Tarabulus.

Lokacin da Barth ke wannan zane, hikimar ɗaukar hoto ba ta wuce shekara 12 da bayyana ba, gama a 1839 aka sanar da ita a ƙasar Faransa. Kayan aikinta kuwa a sa'an nan masu nauyi ne ƙwarai, ba su tafiya a bayan raƙumi da sauƙi. Sai a 1888 wani mutumin Amurka, George Eastman, ya fito da ɗan akwatin nan Kodak wanda kowa ke iya ratayawa. Saboda haka tsofaffin hotunan Kano galibinsu daga zuwan Turawa suka fara. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, su ne na farko. Ba a daɗe ba, wajen ƙarshen 1930, wani matuƙin jirgi mutumin Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki hoton birnin daga sama. Wanda ya dubi hotunansa zai ga gidajen ƙasa sun cuɗanya kamar saƙar zuma, ga kududdufai birjik tsakaninsu.

A nan akwai abin lura. Waɗannan hotuna baƙi ne suka ɗauke su, da yawansu kuma a ƙasashen baƙin su ke ajiye. Baƙo kuwa abin da ya ba shi mamaki shi ya ke ɗauka, raƙumi, ko dogari, ko mai kakaki. Ba safai ya kan rubuta sunan unguwa ba, balle sunan maginin da ya yi soron. Ɗan gari shi ya san wannan. Ya san lungun da ke bullewa da wanda ba ya bullewa, ya san tsohon da za a tambaya. Yau kuma ga abin ɗaukar hoto cikin wayar hannu a aljihun kowa, babu sauran hanzari.

Mai son fara wannan yawo sai ya fara daga Dala, domin nan ne tushen gari. Masu binciken ƙasa sun sami alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Nan Barbushe ya zauna, yana shugabantar masu bauta wa Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda. In ka hau da sassafe, juya wa rana baya ka fuskanci yamma, za ka sami Goron Dutse sarai. In da la'asar ka hau, sai ka juya wajen Kurmi da Gidan Sarki. Kada ka hau lokacin hunturu, hazo zai rufe maka kome. Kaka ta fi, sa'ad da ruwa ya ɗauke, sama ta wanke.

Daga nan sai ganuwa. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma, 1618 zuwa 1623, ya ƙara. Dubi hikimar mutanen da. Ƙasar da suka yi ginin da ita daga gindin ganuwar suka haƙa ta, sai ramin ya zama gwalalo, aka bar sarƙaƙiya ta tsiro ciki, watau aiki ɗaya ya ba su katanga biyu. Suka kuma bar fili mai yawa daga ciki don noma, ko da abokan gaba sun kewaye gari ba za a mutu da yunwa ba. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa, shi ke rufewa da dare ya buɗe da asuba. Gwamna Lugard da ya gan ta a 1903 ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, ƙofofi 13.

Ga ƙofofin da a ke lissafawa yanzu, don mai yawo ya bi su ɗai-ɗai: Nasarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, da Ƙofar Mata. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo zamanin Turawa aka huda su. In ka isa Kabuga ka dakata. Ta nan sojan Kanar Morland suka shiga birni ran 3 ga Fabrairu 1903, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya tsaya a fada ya yi yaƙi har aka kashe shi. Yau motoci ke wucewa ta wurin ba dare ba rana, cikin mutum ɗari da wuya ka sami goma da suka san abin da ya auku nan.

Cikin gari kuma, yawancin abin da za ka ɗauka aikin Rumfa ne. Shi ya gina Gidan Sarki, shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya zo Kano. Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi, shi ma daga wannan zamani ya ke. Shiga ka ɗaga kai ka dubi rufin, yadda aka jera azara aka ɗaura bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti. A waje kuma ka lura da zanko a kan soro, da indararo, da shafen makuba, da zanen dagi a goshin zaure. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka fi saurin ɓacewa, domin maginan da suka iya su suna ƙarewa. Ka biya marinar Ƙofar Mata, wadda a ke lissafa kafuwarta a 1498, ka ga yadda a ke haɗa baba da toka da katsi cikin rami, ka kuma ji amon 'yan bugu. A Nasarawa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909.

Wani zai ce, abin da ya shekara 500 yana tsaye, ina gaggawar ɗaukar hotonsa? To, ga amsa. Tsohon masallacin Jumma'a na Kano yana da doguwar hasumiya ta ƙasa. Ta tafi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka gina sabon masallaci. Yau ba mai iya nuna maka siffarta sai hoto. Dalar gyaɗa kuma fa? Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, su Alhaji Alhassan Ɗantata suka shahara, aka riƙa jera buhuna kamar duwatsu. Cikin shekarun 1970 fari da cutar gyaɗa suka zo, hankalin hukuma kuma ya koma kan man fetur, dala ta zama labari. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina wata a madadinta. Ganuwar kanta, ko da ya ke tun 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shiga kayan tarihin duniya, a wurare da yawa an ɗebe ƙasarta, an yi gidaje da kantuna a kanta. An cike kududdufai an yi gini, shi ya sa ruwan damina ya kan rasa inda zai kwanta sai cikin gidajen mutane. Har ta kai mai son ganin kamannin ganuwar Kano cikakkiya, sai ya tafi Jos ya ga kwaikwayonta a gidan tarihin gine-gine, wanda wani masanin gini mutumin Folan, Dmochowski, ya tsara bayan ya auna gine-ginenmu ya ɗauki hotunansu.

Saura ladabin aikin. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka yi sallama ka nemi izini, in ya ƙi ka yi godiya ka wuce. Kada ka leƙa gidan kowa, kada ka ɗauki matan mutane, kada ka ɗauki masu salla kana gaban sahu. In unguwar ba taku ba ce, fara gaida mai unguwa ka faɗa masa nufinka. Ka nemi dattawan da ke zaune bakin zaure, ka durƙusa ka ce, "Baba, wa ya gina wannan soro?" Abin da za ka ji a nan ba ya cikin littafi.

Babban abu duka shi ne rubutu, nan ne kuwa karatun da kuka yi zai yi rana. Hoton da ba suna ba kwanan wata kamar wasiƙa ce ba adireshi. Saboda haka ka sayi ɗan littafi, kowane hoto ka rubuta ranarsa da shekararsa, da sunan unguwa, da inda ka tsaya, da abin da dattawa suka faɗa. Waɗanda suka fi kyau ka kai a wanke maka su a takarda, ka yi rubutu a bayansu, gama waya tana ɓata, tana kuma lalacewa. Bayan shekara biyar ka koma wurin nan ka sāke ɗauka, ka jera su biyun. Da haka jikokinka za su ga garin da ka gani, ba sai sun je ƙasar wani sun roƙa ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.