Traditor: Sunan da Ya Raba Ikkilisiya

Akwai wata tsohuwar kalma a Turanci wadda ba a jin ta yanzu sai a littattafan tarihi, wato traditor. Mutanen Ingila sun aro ta daga harshen Latin, suna kiran maci amana da ita. Tushensu ɗaya da traitor ta Turancin yau, da traître da muke ji a Faransanci nan Libreville. Amma asalinta ba zagi ba ne. Ma'anarta ita ce mai miƙawa. To, me ya miƙa, ga wa kuma?

A watan Fabrairu na shekara ta 303, Sarkin Roma Diyokiletiyan ya kafa doka a rushe majami'u, a ƙone Littattafai Masu Tsarki. A zamanin nan da hannu ake rubuta littafi, ikkilisiya kuwa takan damƙa shi amana ga bishop ko masu karatu. Ƙofarsu aka fara ƙwanƙwasawa. Filikus, bishop na Tibiyuka a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙi bayarwa, aka kashe shi. Mensuriyus na Kartaj ya ce shi dabara ya yi, littattafan 'yan bidi'a ya bar wa ma'aikatan sarki. Waɗansu kuwa tsoro ya ci ƙarfinsu, suka miƙa. Su aka sa wa suna traditor.

Tsanani ya wuce, sunan bai wuce ba. Wajen 311 aka naɗa Sisiliyan bishop na Kartaj. Sai waɗansu suka ce wanda ya ɗibiya masa hannu, wani Filikus na Abtungi, ya miƙa littattafai, saboda haka naɗin banza ne. Suka naɗa nasu, daga baya Donatus ya shugabance su. Gari ɗaya, bishop biyu. Wanda ya koma wajen mutanen Donatus, sai sun sake yi masa baftisma.

Ga abin da ya fi ba ni baƙin ciki, 'yan'uwa. Da aka bincika, Filikus ya fita ba laifi, ashe wasiƙar da aka kafa hujja da ita an yi mata ƙari. A 320 kuma aka fito da takardun hukuma na ranar 19 ga Mayu 303, daga garin Sirta, wato Kwanstantin ta Aljeriya. Suka nuna Silbanus, ɗaya daga cikin bishop-bishop masu zargin, shi da kansa ya miƙa fitilar azurfa ta ikkilisiya tun yana mataimakin dikin. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani.

Agustin na Hippo ya yi shekaru yana koyarwa cewa baftisma ta Almasihu ce, zunubin mai yin ta ba ya ɓata ta. A 411 bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka taru a Kartaj, hukunci ya kā da mutanen Donatus. Duk da haka, wajen 590 Paparoma Girigori yana rubuta wasiƙu a kansu.